Rabe, Lamy da Kakar Kakata: Da Wane Mudu Za Mu Auna Zamanin Bauta?

A ranar 22 ga Afrilun da ya wuce na buɗe layukan waya a shirina na yamma da wata tambaya da na ɗauka ba za ta tayar da ƙura ba. Na tuna wa masu sauraro cewa a rana irin wannan, cikin shekarar 1900, aka gwabza yaƙin Kusuri a tsallaken kogi, inda Rabe Fadlallah da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya. Sai na ce, "Jama'a, shin Rabe gwarzo ne ko azzalumi?"

Wanda ya fara samun layi wani dattijo ne. Ya ce, "Ɗana, wannan ma tambaya ce? Mutumin da ya tare Nasara da bindiga har aka sare masa kai, shi za ka tsaya kana tantama a kansa?" Na ce, "Na gode, Baba." Bai gama ajiyewa ba wata mata ta shigo, Hausarta irin ta kasuwa ce, ta ce ita 'yar Kudu ce. Ta ce, "Malam, ka tambayi Baba, garin su wa Rabe ya ƙona kafin ya haɗu da Nasara? Mu a gidanmu ba mu san iyakar waɗanda aka tafi da su ba." Na ukun matashi ne, shi kuwa faɗa ya yi mini. Ya ce ƙasar da ba ta gama warkewa daga yaƙe-yaƙe ba, me zai sa ɗan jarida ya tono wannan? A bar kaza cikin gashinta.

Lokaci ya ƙare, na yi sallama, amma tambayar ta biyo ni gida. Dalili kuwa, ni kaina ina da ƙafa a kowane ɓangare.

A gidanmu idan ana ba da labarin asali, da bafatake ake farawa: kakan kakata, wanda ya baro ƙasar Kano da jakuna, yana kawo baƙin yadi da goro, yana komawa da kanwa da fatu. Muna alfahari da shi. Sai da na kai shekara goma sha biyar kakata ta faɗa mini sauran labarin, wata rana tana tsince shinkafa. Ta ce kakarta mace ba aurenta aka yi ba, sayenta aka yi. Daga Kudu aka kawo ta tana yarinya, da tsagen da ba irin namu ba. Babu wanda ya san sunan da iyayenta suka raɗa mata, sai wanda ubangidanta ya sa mata. Ta haifa masa ɗa namiji, wanda shi ne mahaifin kakata. Na ce, "Kaka, me ya sa ba a faɗa?" Ta ce, "Kai dai yaro ne. Wa zai ba mu aure in an faɗa?"

Ke nan jinin mai saye da jinin wadda aka saya duk suna yawo a jikina, kuma na tabbata dubban gidaje a Njamena da Abeshe da Damagaram da Kano haka suke. Shi ya sa nake ganin tambayar yadda ƙasa za ta hukunta tarihinta na bauta ta fi ƙarfin a jefa wa wata ƙabila ko wani yanki.

Kafin Rabe ya zo

Masu son a ɗora wa Rabe komai suna mantawa da cewa ya tarar da kasuwar tana ci. Daulolin da muke tinƙaho da su, Kanem-Borno da Bagarmi da Wadai, sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai hari yankunan Shari da Logon. Bayi su ne haraji, su ne kyautar sarakuna, su ne kuɗin sayen dawaki da bindigogi daga Arewacin Afirka. Bagarmi, wadda ke da fada a Masenya, ta sha biyan Borno da Wadai gaisuwa da mutane, ta kuma yi suna wajen samar da bābānni, wato samarin da ake dandaƙewa don tsaron gidajen sarakuna, aikin da da yawa ba sa tashi daga gare shi. Hanyar da ta tashi daga Abeshe ta bi ta Kufra zuwa Bangazi tana ɗauke da bayi har farkon ƙarni na 20, bayan an rufe cinikin a gaɓar Atlantika da daɗewa.

Akwai shaidar gani da ido. A 1872 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya bi rundunar Sarkin Bagarmi Muhammadu Abu Sakin zuwa Kudu. A wani wuri da ake kira Kimre ya ga mutanen da suka gina mafaka a kan manyan itatuwan rimi, suka hau da matansu da 'ya'yansu da awakinsu saboda gudun mahara. Ya ga yadda ake harbo su suna faɗowa, ana kwashe waɗanda suka rage. Ina roƙon mai karatu ya riƙe hoton waɗannan rimaye a ransa, za mu koma kansu.

Mu Hausawa ma ba 'yan kallo ba ne. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi ta Kano. Rinjoji da gandayen sarakunan Daular Sakkwato da gumin bayi aka noma su. Fatakenmu da suka bi hanyar gabas zuwa Makka sun yi ciniki a waɗannan kasuwanni, wasu ma da kuɗin bawa suka sauke farali. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko labarin rayuwar Baba ta Karo, ya san cewa fargabar mahara na cikin abin da kakanninmu suka tashi da shi, wani lokaci su ake kamawa, wani lokaci su ke kamawa.

Rabe da fuskokinsa biyu

Rabe mutumin Sudan ne, ya goge a ƙarƙashin Zubairu Rahama, babban attajirin hauren giwa da bayi na yankin Bahar al-Ghazal. Da aka murƙushe rundunar ɗan Zubairu a 1879, Rabe ya ja nasa mayaƙan ya nufo yamma. Ya yi shekaru yana yawo a yankunan da yanzu suke Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi, yana kama mutane: ƙarfafa ya sa su soja, sauran ya musanya su da albarushi. A 1893 ya karya Bagarmi, a shekarar kuma ya ci Borno, ya rushe Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa. Har da gidan Shehu Usmanu ya haɗa dangantaka, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa, kodayake daga baya zumuncin ya ƙare da jini.

Wannan mutumin ne kuma ya hallaka rundunar Bretonnet a Togbao cikin 1899, ya tsaya wa Faransa a Kuno, ya mutu da makami a hannu a Kusuri. Dattijon da ya kira ni bai yi ƙarya ba. Matar da ta biyo bayansa ita ma ba ta yi ƙarya ba. Matsalarmu ita ce kowa ya ɗauki rabin mutumin ya ce shi ke nan.

Masu "ceto"

Faransa ta ce ta zo ne ta kawar da mai cinikin bayi. To mu duba waɗanda suka zo. Runduna uku ce ta haɗu a Kusuri: ta Foureau da Lamy daga Aljeriya, ta Gentil daga Kongo, da ta Joalland da Meynier daga yamma. Wannan ta ukun ita ce ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Kwanni kisan ƙare dangi, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, tana jan mata da 'yan dako da ta kama da ƙarfi. A ranar yaƙin kuma, abokin Faransa shi ne Sarkin Bagarmi Gawrang, magajin fadar da ta kai harin Kimre. Bayan makonni biyar, a ranar 29 ga Mayu 1900, Gentil ya kafa sansani a gaɓar Shari ya sa masa sunan Lamy. Shi ne Fallomin da tsofaffinmu ke faɗa, wanda Shugaba Tombalbaye ya mayar Njamena a 1973.

Gaskiya ne mulkin mallaka ya tsayar da hare-hare a hankali. A 1905 Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma da Kongo, kuma bayan ta ci Abeshe a 1909 hanyar sahara ta mutu. Wannan alheri ne, ba za a ɓoye shi ba. Amma me ya biyo baya? Tsakanin 1921 da 1934, lokacin gina layin dogo daga Brazzaville zuwa Pointe-Noire, an kwashi dubban samarin Sara da ƙarfin tsiya, aka kai su daji mai nisan sama da kilomita dubu daga gidajensu. Wani ƙiyasi ya ce ma'aikata dubu 17 suka mutu a aikin. Marubutan Faransa irin su André Gide da Albert Londres sun fallasa irin wannan zalunci tun a lokacin. A ƙarshen shekarun 1920 aka tilasta noman auduga a Kudu. Aikin dole bai haramta ba sai a 1946. Wato ƙauyukan da mahara suka yi wa ƙarƙaf su ne dai Nasara ya koma ya ɗiba, sai dai wannan karon da takarda da hatimi.

Hujjoji uku da ake kawowa

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, uzuri uku nake ji, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya.

Na farko, a ce kada a auna mutanen da da mudun yau, haka zamaninsu yake. Na yarda cewa bai dace mu zauna a inuwa muna zagin matattu ba. Amma ba daidai ba ne a ce a zamaninsu babu wanda ya san abin da zafi. Tun a wajajen 1391 Mai na Borno ya rubuta wa Sarkin Masar Barkuk wasiƙa yana kuka cewa ana kama talakawansa Musulmi ana sayarwa a Masar da Sham. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya lissafa mutanen Borno da Kano da Katsina cikin waɗanda bai halatta a mallaka ba. Sai dai duka biyun nasu suka kare, suka bar ƙofa a buɗe a kan wanda ba Musulmi ba. Wannan ya nuna sun san ciwon, iyaka dai sun ja layi a kan wanda ciwonsa ke da muhimmanci. Sannan su waɗanda suka hau rimi a Kimre, ai su ma mutanen wannan zamanin ne. Hukuncinsu a kan bauta a fili yake: sun gwammace su faɗo daga sama da a ɗaura musu igiya. In za mu auna da mudun zamanin, me ya sa mudun sarki kawai za mu ɗauka?

Na biyu, a ce bautarmu ba irin ta Amurka ba ce, tamu mai sauƙi ce. Akwai bambanci, babu shakka. Bawa yana iya biyan murgu ya yi aikin kansa har ya fanshi wuyansa. Cucanawa, waɗanda aka haifa a gida, ba a cika sayar da su ba. Kuyangar da ta haifa wa ubangidanta ɗa takan sami 'yanci bayan rasuwarsa, ɗan kuwa ɗa ne. A fadar Kano bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko da ya fi na hakimai da yawa. Amma kafin a kai ga Shamaki guda ɗaya, nawa suka mutu a daren hari, nawa ƙishirwa ta kashe a sahara? Kakar kakata ta tsufa a ɗakinta, ta ga jikoki. Duk da haka ba ta sake ganin uwarta ba, kuma babu wanda ya tambaye ta ko tana so.

Na uku shi ne na matashin nan: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan ya fi sauran nauyi, domin mun ga abin da rabuwar Arewa da Kudu ta jawo mana. Amma shirun da muka yi tun samun 'yancin kai a ranar 11 ga Agusta 1960, me ya hana? Bai hana boren Mangalme a 1965 ba, bai hana abin da ya faru a wannan birni cikin Fabrairun 1979 ba, lokacin da maƙwabci ya gudu daga maƙwabcinsa. Ba na cewa bauta ce ta haddasa yaƙin. Haraji da mulkin danniya da hannun ƙasashen waje duk suna ciki. Amma wanda ya zauna a Njamena ya san kalmar da ke fitowa daga baki idan faɗa ya yi zafi a motar haya, da Larabci ko da Hausa. Miki ne da aka rufe da tsumma, yana ruwa a ciki.

Abin da wasu suka yi

A 2001 majalisar Faransa ta amince da dokar Taubira, wadda ta ayyana cinikin bayi na Atlantika da na tekun Indiya a matsayin laifin cin zarafin bil'adama. Jamhuriyar Benin ta gina ƙofar tunawa a Wida, inda ake loda bayi a jirgi, kuma a 1999 Shugaba Kérékou ya nemi gafara kan rawar da 'yan Afirka suka taka. Wannan ya fi burge ni, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Darasin da ya fi kusa da mu na Nijar ne. A 2003 ƙasar ta sanya bauta cikin manyan laifuka. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Wannan a yankin Kwanni ya faru, a zamaninmu. Mu ma a nan, lokacin da kotun Dakar ta yanke wa Hissène Habré ɗaurin rai da rai a 2016, bautar da mata na cikin laifukan da aka same shi da su. Kafin nan, a 2014, mun ji shugaban Boko Haram yana alfaharin zai sayar da 'yan matan Chibok a kasuwa, yana jingina da waɗancan tsofaffin hujjoji da ba mu taɓa zama mun warware ba. Har yau kuma ana maganar yaran Kudu da ake bai wa makiyaya su yi kiwo a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mudu ɗaya

A kasuwar gero, 'yar kasuwar da ke saye da babban koro tana sayarwa da ƙarami, kowa ya san sunanta. Haka ƙasa take idan ta la'anci layin dogon Kongo ta yi shiru a kan Kimre, ko ta la'anci Rabe ta manta da Birnin Kwanni. A ganina hukuncin da ya dace yana da sharuɗɗa uku.

A faɗi aikin da sunansa, ko wa ya yi shi. Kama ɗan Adam a sayar zalunci ne, ko mai rawani ya yi ko mai malafa. Wannan ba zai rushe darajar Borno ko Wadai ko Sakkwato ba. Ilimin da suka yaɗa da mulkin da suka tsara suna nan, sai dai a koyar da su tare da farashin da wasu suka biya. Littafin tarihin ɗan makaranta ya kamata ya ɗauki Rabe da fuskokinsa biyu a shafi ɗaya.

Kada a gadar da laifi, kada kuma a gadar da ƙasƙanci. Addininmu ya koya mana cewa ɗa ba ya ɗaukar zunubin uba. Ɗan Abeshe na yau bai kama kowa ba, bai ci bashin kowa ba. Amma in haka ne, jikan wanda aka kama shi ma bai gaji komai ba. Ba zai yiwu mu ce laifin kakanni ya mutu da su ba, alhali idan aka zo neman aure muna aika tsofaffi su binciko ko akwai "igiya" a dangin yaro. A nan malamanmu da limaman coci suke da aiki, domin maganarsu ta fi ta gwamnati shiga gida.

A ba waɗanda aka kama wuri a cikin labarin. Muna da tituna da sunayen sarakuna da janar-janar. Babbar makarantar da ke tsakiyar birnin nan tana ɗauke da sunan Félix Éboué, gwamnan da ya sa Chadi ta bi De Gaulle a 1940, wanda shi kansa jikan bayi ne daga Guyana ta Faransa. Ashe ba mu ƙi girmama jikan bayi ba, in dai daga nesa ya zo. Namu na gida fa? Tsofaffin da suka ji labari daga bakin waɗanda abin ya shafa suna ƙarewa. Aikin gidajen rediyo da jami'a ne su bi su da na'urar ɗaukar magana, a Sarh da Mundu da Masenya da unguwannin Njamena, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Ni dai na fara daga gida. Da ƙaramar sallar bana, da muka taru, ƙanena ya soma ba yara labarin bafataken Kano kamar yadda aka saba. Da ya kai aya na ce akwai saura, na ba su labarin yarinyar da aka kawo daga Kudu. Gwaggona ta ɓata rai ta ce, "Kai da bakin rediyonka, sai ka tona mana asiri?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ita ma uwarmu ce." Ta yi shiru, can ta ce a sa ta cikin addu'a. Muka ɗaga hannu muka yi mata, ba tare da mun san sunanta na gaskiya ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ba tare da mun ci zarafin juna ba.